Gidan Aro

Ƙarfe tara da rabi Direba ya buga ƙusa ta ƙarshe, ya rataye hoton matarsa da 'ya'yansa uku a bangon da ba nasa ba.

Shekara huɗu yana tuƙa bas a ƙasar waje yana tara takardu: ta aure, ta haihuwa, ta asibiti, duk sun kammala. Sharaɗi ɗaya ya rage kafin a bar iyalinsa su shigo ƙasar, wato gida mai ɗakin kwana biyu, kuma sai ma'aikacin shige da fice ya gani da idonsa. Shi kuwa ɗakinsa, in zai miƙe ƙafa sai ya buɗe ƙofa.

Tsohon telan da ƙofarsa ke kallon tasa ne ya yi masa rana. Ɗaki biyu gare shi a hawa na huɗu, shi kaɗai, sai gwiwarsa mai ƙara kamar keken ɗinkin da bai ga mai ba. 'Yarsa ta yi juyin duniya ya koma wurinta, ya ce sai dai gawarsa. Amma ya tausaya wa Direba, har takardar haya ya sa wa hannu.

"Aron awa ɗaya ne fa," in ji tsohon, yana jan ƙafa zuwa ɗan akurkin Direba don ya ɓuya. "Kuma kada wani ya zauna mini a kujera."

Ƙarfe goma daidai aka ƙwanƙwasa. Mace ce mai tabarau, da jaka da tef ɗin awo, fuskar nan babu alamar ta taɓa jin labarin dariya. Ta karanta takardar hayar sau biyu, ta daɗe a kan sa hannun.

Ƙofar ɗaki na biyu, wadda Direba ya yi kokawa da ita da safe, ɗaga mariƙin kawai ta yi ta buɗe. Ta zura hannu bayan kabad ta kunna fitila. Direba ya ce a ransa, lallai aiki ya ratsa matar nan.

"In famfo ya fashe, a ina kake rufe ruwa?"

Ya nuna banɗaki. Ta dubi kicin, ta rubuta wani abu. Ya san doka sarai: ƙarya ɗaya, a rufe fayil, yaran su girma a waya.

A jikin katakon ƙofa ta tsaya. Wasu zane-zanen fensir ne, ɗaya bisa ɗaya. Ta shafa na can ƙasa da yatsa.

"Wannan fa?"

"Tsayin yara ne, ranki ya daɗe."

"Yaran wa?"

"Nawa mana."

"Waɗanda ba su taɓa taka ƙasar nan ba?"

Ya tuna ƙaramar 'yarsa da ta riga ta gaya wa duk ajinsu za ta hau jirgi.

Matar ta wuce falo, ta zauna daram a kujerar da aka hana. Ta ɗauki biro, ta sa hannu, ta buga hatimi.

"Gida ya yi. Amma zan riƙa leƙowa ba sanarwa. Ranar da na zo ban same ka da iyalinka a cikin gidan nan ba, tare za ku koma inda kuka fito."

Direba ya karɓi takardar. An amince masa da gidan da zai mayar wa mai shi nan da minti goma.

Ta fita. Maimakon ta nufi matakala, sai ta tsallaka ta tsaya a ƙofar akurkin, ta cire tabarau, ta ƙwanƙwasa.

"Baba, buɗe, autarka ce, tun daga nan nake jin ƙarar gwiwarka. Haɗa kayanka. Gida dai da hannunka ka bayar, yau a wurina za ka kwana."