Ƙaramar Takardar Awo

Bencin da ke bakin ofishin tantancewa ya cika tun kafin wani mutum mai gilashi ya iso. Samari ne da 'yan mata, kowa rungume da fayil. Da suka gan shi sai hirar ta mutu. Wani ya miƙe ya ba shi wuri, wani ya zare hannu daga aljihu, wata ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Ya yi godiya ya zauna, ya ɗora jakarsa a cinya.

Gwamnati ce ke ɗaukar mataimakan masu awon filaye, masu riƙe sanda da jan tef ɗin awo a rana. Ƙaramin aiki ne, amma mai fansho. Shi kuwa ya daɗe zaune a gida, har maƙwabta sun daina tambaya, kuma wata mai kamawa shekarunsa za su haura iyakar da aka sa. Da safe matarsa ta goge masa riga, ta rataye a ƙofa.

Da layi ya zo kansa ya shiga. Jami'ar tantancewa ta buɗe fayil ɗinsa. Digiri na farko a awon ƙasa, na biyu, na uku. Ta ɗago ta dube shi.

"Yallaɓai, ko ka ɓata hanya ne? Masu ba da aikin suna bene."

"Nema na zo, ranki ya daɗe."

"To ina ƙaramar takardar makarantar awo?"

"Ban yi ta ba. Daga sakandare jami'a na wuce. Amma duk abin da ke cikinta yana cikin waɗannan."

"Ni na yarda, ƙa'ida ce ba ta yarda ba. An yi ta gardama a kai, kwamiti ya ce babbar takarda ba ta tsaya wa ƙarama. Wai ku manya sai ku tare wa yara gurbi, in kun samu mafi kyau ku gudu."

"Ba inda za ni," in ji shi.

Ta zaro takardar wani da ta riga ta amince da ita, ta miƙa masa. "Irin wannan nake so. Ga hatimi, ga sa hannun shugaban makarantar. Ka kawo mini ita, ko ƙidaya ba ka iya ba, zan wuce da kai."

"Ai an rufe makarantar."

"Na ji. Wannan kuma ba daga teburina ba ne."

Ya daɗe yana kallon takardar. Bai ji haushi ba, bai ji komai ba. Ya mayar mata da ita da hannu biyu, ya jera takardunsa bisa tsari, ya zuge jaka.

Ya fito waje. Wani dogon saurayi ya rusuna.

"An dace, Malam?"

"Ku shiga dai, naku za su wuce. Kai kuma miƙe gefen takardarka, ta lanƙwashe."

Ya sauka matakalar bakin ginin a hankali, yana dafa bango. Babu wanda ya iya bin sa da ido, domin duk takardar da ke kan bencin nan shi ya sa mata hannu, lokacin yana shugaban makarantar awo.