Kalmar da Malam Garba Ya Gyara Mini

Muna aji biyar a firamaren ƙauyenmu kusa da Aliero, ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba. Gab da azahar Malam Garba yana gwada mu Turancin baka, kowa ya miƙe ya faɗi sana'ar babansa. Nawa uban ko sadakar arba'in ɗinsa ba a yi ba.

Da aka zo kaina na ce, "My father is a farmer."

Malam ya tsaya da biro a hannu. Da shi aka kai Baba makwancinsa. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce a hankali, "Ɗana, 'is' na mai rai na. Wanda yar rasu, 'was' aka cewa. Sake hwaɗi."

Ya ɗago kai ya dube ni.

"Daure ka hwaɗi, in ba ka makinka."

Na faɗa. Ya rubuta makin, ya juya yana ta goge allon da babu komai a kansa.

Ranar jana'iza ban yi kuka ba, gani nake tafiya Baba ya yi. Sai ranar nan, a hanyar gida. Har yau ba na son kalmar nan a bakina.