Maɓalli Ɗaya Ya Isa

Shekararsa arba'in da uku, mai buga wa mutane takardu ne a wani shago kusa da kotu. Tun da ya yi shanyewar ɓarin jiki hannunsa na hagu ya daina aiki, na daman kuma rawa yake. In zai tsallaka daga wannan shafi zuwa wancan a kwamfuta, sai an danne masa maɓallin Alt, shi kuma ya taɓa na Tab. Mai gyaran kwamfuta ta shagon gefe, wadda yake nema da aure, ita ke leƙowa ta ara masa yatsa.

Yau ta shigo ba ta zauna ba. Ta jawo kibod ta yi 'yan danne-danne.

"Daga yau wannan maɓallin kaɗai za ka taɓa, Malam. Gwada."

Ya gwada, shafin ya juya.

"Ashe dama ana iya haka?"

"Tun tuni."

"To me ya sa sai yau?"

Ta kafa wa kibod ɗin ido. "Yayana ya ce a'a, Baba ma ya bi bayansa. Wai jinya zan je yi, ba aure ba."

"Ke me kika ce?"

"Na faɗa har muryata ta dishe. Gobe za su kwashe kayan shagona."

Ya so ya riƙo gefen mayafinta, amma ta hagunsa take tsaye. Ta ɗan jira, sannan ta fita.

Wani mutum ya leƙo da takardar ƙara. Malam ya karɓa, ya taɓa maɓallin, ya soma bugawa.