Koriyar Rigar Sajan Ma'aruf

Babu nauyi a duniya kamar na tsaron baƙin Allah. Shi ya sa ɗan sandan da aka turo daga gida ya rako alhazai ake ba shi riga mara hannu, da usur, da gargaɗin kada ya kuskura ya kama ko kaza.

Sajan Ma'aruf bai taɓa ƙorafi ba. Ana idar da sallar asuba yake fara sintiri a unguwar Misfala ta Makka, ya bi layin masu dardumai, ya ɓulla ta wajen masu tuwo, ya dawo. Aikinsa tsintar ɓatattu. Alhaji zai fito daga Harami ya rantse masaukinsa ya tashi daga inda ya bar shi, Sajan ya kama hannunsa ya kai shi har ƙofa. Lungun da wayar hannu ma ba ta sani ba, shi ya san inda ya fita.

Mutum ɗaya ce ta gagare shi tsinta. Mahaifiyarsa.

Shi ya biya wa Inna Ɗaso kujera da ya ga sunansa ya fito a tawaga. Idanunta sun yi yana, ba ta gane fuska sai an matso, amma tana ganin launi. A Muzdalifa, ana haramar tafiya jifa, aka kira shi ya taimaka a ɗora marasa lafiya a mota. Ya damƙa ta ga matan garinsu, ya ɗora tafinta a ƙirjinsa, kan koriyar rigar aikinsa.

"Inna, in kin ɓata kada ki nemi fuskata. Koren nan za ki nema. Duk inda yake, ina ciki."

"To, ɗan sanda," ta ce. "Yau kuma ni ake ba oda."

Ranar aka yi turmutsitsi a hanyar jifa, a Mina. Matan garinsu suka dawo tanti ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka dawo ɗin. Ba ta cikinsu.

Ya bi asibitoci. An kai shi wani ɗaki mai sanyi an nuna masa hotuna masu yawa, bai gan ta ba. Aka ce masa wannan labari ne mai daɗi, ya karɓe shi a haka. Wadda ba ta cikin matattu tana cikin rayayyu. Ko a kwalejin 'yan sanda haka ake lissafin. Kuma duk Bahaushen da ya ɓata a Makka, ƙamshin miyar kuka zai ja shi zuwa Misfala. Abin da ya rage shi ne koren ya kasance a wurin.

Wada mai kantin turare, wanda kakanninsa suka zo ta Sudan a ƙafa, shi ke ba shi shayi da wurin shimfiɗa a bayan kanti.

"Yalla Sajan, sha kafin ya huce."

"Yau jikina yana ba ni, Wada."

"Kullum yana ba ka, ya shaihu. Allah ya sa."

Motar shurɗa, 'yan sandan ƙasar, ta kunno kai. Sajan ya shiga kanti ya tsaya nazarin kwalaben turare har ta wuce. Girmama masu ƙasa wajibi ne.

Bayan azahar, ana tsakiyar turereniya, wani hannu ya riƙe rigarsa ta baya. Hannu ne mara nauyi.

"Ɗan nan," in ji wata tsohuwar murya. "Na gan ka."

Bai juya nan take ba. Ya tsaya yadda yake, yana jin yatsun a gadon bayansa, ya bar kansa ya ɗan daɗe a haka. Sannan ya juya.

Wata tsohuwa ce daga Gaya, takalmi ɗaya a ƙafarta. Ya duba katin wuyanta, ya rage tafiya daidai tata, ya kai ta masaukinta da ke kallon kantin Wada. Ta yi masa addu'a Allah ya jiƙan mahaifa. Ya ce amin ga rabin addu'ar.

A ƙofar masaukin wani matashin ɗan sanda ne a tsaye, Kofur Hudaifa, cikin riga ruwan lemo da ko karin ninki bai bar ta ba. Ya dubi ta Sajan, wadda ranar Makka ta ɗan sha korenta, aka kuma yi wa kafaɗarta faci.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Amma Oga ya ce ruwan lemo ce rigar aiki. Wannan tana rikita alhazai, sai dai ka cire."

"Ba don alhazai na sa ba."

"Wane jirgi kake? Jibi za a fara kwasa."

"Da tsohuwata zan koma. Tare muka zo."

Hudaifa ya miƙa hannu zai kama wuyan rigar. Wada ya tsallako titi da silifas a hannu.

"Kai yaro, ta'al. Zo ka ji."

Sajan bai ji abin da aka faɗa ba. Ya dai ga Wada yana nuna gabas, wajen Mina, ya ga hannun Kofur ya sauka a hankali. Da yaron ya dawo, sai ya haɗa ƙafa ya sara masa, idonsa a ƙasa. Sajan ya amsa, yana lura cewa 'yan sandan yanzu ba su iya sarawa ba.

Ya gyara rigarsa yadda koren zai fito sosai, ya koma tsakiyar titi inda mai raunin gani ba za ta rasa shi ba. An kusa idar da la'asar, yanzu za a fito daga Harami.

Aikin da aka turo shi na mako shida ne. Ya ƙare shekara goma da suka wuce.