Fitilar da Ba Ta Haska Fuska

Tun da aka wajabta sababbin fitilun mota masu kauce wa fuska don kada su kashe ido, direba jikin mutum kawai yake gani, kai kuwa duhu.

Bayan isha'i Ɗanjuma na dawowa daga Haɗeja, sai wani ya ɗaga masa hannu, mace kwance a gefensa. Tsoron 'yan fashi ya sa ya ƙara wa motarsa wuta ya wuce.

A ƙofar gida matarsa ta tare shi.

"Ina Yaya Sule? Maciji ya sari Inna, Yaya ya kai ta bakin titi yana jiranka!"

Salati ya ƙwace masa. Ya juya a guje, ya tarar da mahaifiyarsa da sauran numfashi.

Sule bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ita ce ta gane ƙarar motarka."