Kumfar Cin-da-zugu

Da la'asar ne, a gidanmu na Kurya Madaro. Inna tana kwance a ɗaki, ciwo ya hana ta fitowa tun girbin gero. Ni kuwa ina bakin shingen cin-da-zugu, na karya reshe, ina tsoma lanƙwasasshen tsinken ciyawa cikin ruwansa mai yauƙi ina busa kumfa. So nake in kai mata guda ta gani, amma duk wadda na tara wa hannu sai ta fashe. Har na fara kuka.

Baba ya ajiye igiyar da yake tufka, ya zo ya shafa mini ruwan itacen a tafin hannu.

"Busasshen hannu na ba ta so, ɗiyata," in ji shi. "Jiƙa shi, sai ta zamna."

Ta kuwa zauna, tana rawa, ja da kore suna zagaya bayanta. Na tafi da ita sannu-sannu, ko numfashi ba na yi, har bakin gadon Inna. Ta ɗago kai, ta leƙa, ta ga fuskarta a ciki 'yar mitsitsiya. Sai ta tuntsire da dariya, iskar bakinta ta fasa ta.

Yau binciken kumfa ne aikina a jami'a. Ɗalibaina sun san duk abin da ke fasa ta, ni na koya musu. Ban taɓa gaya musu cewa dariya ma tana yi ba, don ita ce ta ƙarshe da na ji daga bakin Inna.