Tarhon da Baba ya shanya a rana

Ranar da aka kwantar da Inna a asibiti a Zariya, ranar ƙararrawar tarhonmu na gida a Ikara ta mutu. In ka ɗaga kana jin layi, ƙara ce kawai babu.

Baba ya hura, ya bubbuga, ya bi wayar har gindin bango. Sannan ya zaunar da ni a gaban tarhon. "Kada ki motsa. Ki riƙa ɗagawa kina sallama, ko Allah zai sa ki dace."

Haka na zauna ina yi wa shiru sallama, kan tarhon yana ƙanshin turaren Inna. Ina jiyo ƙawayena suna wasa a waje, ni ko fitsari ban isa in fita ba.

Bayan azahar Baba ya gaji. Ya cire tarhon ya shanya a rana, yadda yake yi wa batirin rediyo. Ya ce, "Sanyi ne ya kama shi."

Yana nan a shanye Kawu, ƙanen Inna, ya iso a babur, ya nufi Baba. "Yaya, tun azahar muke kira. Ta yi ta neman jin muryarku har ta cika."

Har yau ba na iya kashe wayata, ko da salla zan yi.